LUDWIG BIERMANN, BAJAMUSHEN DA YA GANE ISKAR RANA DAGA WUTSIYAR TAURARUWA

Da wuya a sami wanda ya taɓa jin sunan Ludwig Biermann a ƙasarmu, ko da a cikin malaman makaranta da akawuna. Amma abin da ya jawo masa suna a duniya kowa ya san shi, tun daga Bebeji har Doguwa, watau tauraruwa mai wutsiya. Mutanenmu idan ta fito su kan tsaya a ƙofar gida jugum, a shiga tambayar juna wane babban mutum ne zai faɗi, ko wace masifa ce ke tafe. Shi kuwa wannan malami da ya dube ta wata tambaya ce dabam ta dame shi: me ke tura wutsiyar nan, har kullum ta ke juya wa rana baya? Amsar da ya bayar a shekarar 1951 ita ce ta fara nuna wa masana cewa akwai wata iska da ke busowa daga rana dare da rana, alhali ba wanda ya taɓa ganinta, ba kuma wanda ya ke da abin auna ta a lokacin.

An haife shi ran 13 ga Maris, 1907, a garin Hamm cikin yammacin Jamus. Ya yi karatu a jami'o'in Munik da Freiburg da Gottingen, a ta ƙarshen nan kuwa ya sami digirin dakta a 1932. Gottingen a zamanin nan ita ce matattarar masu lissafi na Turai, kamar yadda Katsina ta kasance ga masu neman ilmi a ƙasar Hausa a dā. Daga nan ya ɗan zauna a Edinbara ta ƙasar Sikotilan, ya komo Jena inda ya sami izinin koyarwa a jami'a a 1935, sa'an nan a 1937 ya koma gidan duban taurari na Babelsberg kusa da Berlin.

Aikinsa na farko ba kan taurari masu wutsiya ya ke ba. Cikin tauraro ya fara leƙawa, da alƙalami da takarda. Duk wanda ya taɓa tsayawa kan tukunyar kunu tana tafasa ya ga yadda mai zafi ke tasowa daga ƙasa, ya baje a sama, ya huce, ya sake nutsewa. Biermann ya nuna da lissafi cewa haka zafi ke fitowa daga wani sashe na cikin rana da sauran taurari, kuma wannan tafasa ta kan yi zurfi fiye da yadda magabatansa suka zata. A 1941 ya kawo dalilin baƙaƙen tabon da a kan gani a fuskar rana: ƙarfin maganaɗisu ne ya ke taruwa a wurin ya hana tafasar, sai wurin ya huce ya yi duhu a kan na kewaye da shi. Har yau a kan wannan bayani a ke tafiya. Mun kawo wannan ne don a san mutumin ya riga ya san halin rana ciki da bai kafin ya waiwayi wutsiyar tauraruwa.

Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare a 1945, ya bar Jamus a rushe. Babban madubin hangen nesa na Babelsberg ma kwance shi aka yi aka tafi da shi Rasha cikin diyyar yaƙi. Biermann ya koma Hamburg, ya yi shekara biyu. A 1947 shahararren masanin nan Werner Heisenberg ya kira shi Gottingen, ya damƙa masa sashen ilmin taurari na Cibiyar Max Planck. Ba su da manyan kayan aiki irin na Amurka. Abin da su ke da shi, lissafi ne, da tsofaffin hotunan sama da waɗansu suka ɗauka shekaru da suka wuce.

Tsohuwar tambaya

Kafin mu shiga abin da ya gano, ya kamata mu faɗi mene ne tauraruwa mai wutsiya, domin sunan da mu ke kiranta da shi yana ruɗarwa. Ita ba tauraruwa ba ce irin su Kaza da 'Ya'yanta, waɗanda ranaku ne masu wutar kansu. Curi ce ta ƙanƙara gauraye da ƙura da tsakuwa, faɗinta 'yan mil kaɗan, tana kewaya rana a kan doguwar hanya. Wani masani na Amurka, Fred Whipple, shi ya bayyana haka a 1950. Sa'ad da ta ke nesa ba ta da wutsiya ko kaɗan. Sai ta kusato rana, zafi ya taɓa ta, ƙanƙarar ta riƙa tashi tana zama tururi tana kwasar ƙura, sa'an nan kai ya kumbura, wutsiya ta miƙe.

To, wutsiyar doki a bayansa ta ke, ko gabas ya nufa ko yamma. Ta wannan halitta kuwa ba haka ta ke ba. Idan tana tafiya wajen rana wutsiyar tana baya, amma in ta kewayo ta kama hanyar komawa, sai wutsiyar ta wuce gaba, kai yana biye. Masu duban taurari na ƙasar Sin sun rubuta wannan tun shekarar 837 ta Miladiyya, suka lura cewa wadda ta fito da maraice wutsiyarta gabas ta ke nunawa, wadda ta fito da asuba kuwa yamma. Turawa ba su farga ba sai bayan shekara ɗari bakwai, sa'ad da Peter Apian ya zana wadda ta fito a 1531.

Ga misali na gida. Yarinya ta shiga maƙwabta ɗebo wuta a kasko, ran da iskar hunturu ke kaɗawa daga arewa maso gabas. In ta tunkari iskar, hayaƙin bayanta zai bi. In ta ba iskar baya, hayaƙin ya riga ta yin gaba. Wanda ya hango ta daga nesa, ko bai ji iskar a jikinsa ba, ya san inda ta ke busowa. Haka masana suka tabbata tuntuni akwai abin da ke fitowa daga rana yana ture wutsiyar. Gardamar ita ce, mene ne shi?

Johannes Kepler a 1619 ya ce hasken rana ne da kansa ke turin. Aka yi kusan shekara ɗari uku maganar tana nan a matsayin zato, sai a farkon ƙarni na 20 Pyotr Lebedev a Rasha, da Nichols da Hull a Amurka, suka auna turin haske a ɗakin gwaji, suka tarar gaskiya ne yana da ɗan ƙarfi, ko da ya ke bai taka kara ya karya ba. Sai aka ce shi ke nan, an gama magana, aka rubuta a littattafan makaranta.

Inda gizo ke saƙa

Amma fa yawancin manyan taurarin nan wutsiya biyu gare su. Ɗaya fara ce mai ɗan ruwan ɗorawa, mai faɗi, ta kan tanƙwara kamar lauje. Wannan ƙura ce zalla, kuma bayanin Kepler ya ishe ta: haske na korar ƙananan ƙurar, manyan na saura a baya, kamar yadda iska ke raba ƙaiƙayi da hatsi wajen sheƙa. Ɗayar kuwa siririya ce, shuɗiya, miƙaƙƙiya sambal kamar mashi. Ita tururi ce wadda hasken rana ya fizge wa ƙwayoyinta wani ɓangare, har suka zama masu ɗauke da lantarki. Tauraruwar Mrkos da ta fito a Agusta 1957 ta nuna biyun nan a fili ƙwarai.

Shuɗiyar ce ta ƙi bin lissafi. A hotunan tauraruwar Morehouse ta 1908, da na Halley ta 1910, an ga waɗansu ƙulle-ƙulle kamar curin hayaƙi suna gudu tare da wutsiyar, gudunsu na ƙaruwa. Da aka auna, sai aka tarar abin da ke tura su ya ninka jan da rana ke yi musu sau ɗari, wani lokaci ma fiye da haka nesa. Wata rana kuma sai wutsiyar ta karye, ko ta tsinke ɗungum ta yi gaba, sabuwa ta tsiro cikin kwana ɗaya ko biyu. Hasken rana kuwa ba ya canzawa haka daga daren jiya zuwa na yau. Biermann ya san lissafin yadda ƙwayoyin tururi ke shan haske, domin ya yi shekaru yana wannan aiki. Ya zauna ya ƙididdige, ya tarar turin haske bai ko kusa isa ba.

Akwai kuma wani ɗan abu da mutane da yawa suka gani suka wuce. Wani Bajamushe mai haƙurin awo, Cuno Hoffmeister, ya buga a 1943 cewa shuɗiyar wutsiyar ba ta tsayawa daidai-wa-daida bayan rana. Ta kan ɗan karkace da 'yan digiri kaɗan, kuma kullum karkatar tana wajen da tauraruwar ta baro. Mu koma ga yarinyarmu mai kasko. In ta gitta iskar, watau iskar na dukanta ta gefe, hayaƙin zai bi iskar, amma ya ɗan ja baya saboda tafiyarta. In iskar mai ƙarfi ce ƙwarai ja bayan kaɗan ne, in mai rauni ce ya yi yawa. Ke nan wanda ya san saurin yarinyar, ya kuma auna karkatar hayaƙin, yana iya faɗin saurin iskar. Saurin tauraruwa sananne ne, kamar mil ashirin ko fiye a sakan ɗaya in ta kusato. Da haske ne ke turin, mai gudun mil 186,000 a sakan, da karkatar ba ta kai a gan ta ba. Tun da ta kai 'yan digiri, lalle abin da ke turin gudunsa 'yan ɗaruruwan mil ne a sakan.

A ganinmu nan ne gwanintar mutumin ta ke. Hotunan na kowa ne, awon Hoffmeister an buga shi shekara takwas kafin nan, duk mai so ya karanta. Biermann ne ya haɗa su wuri ɗaya, ya yarda da abin da suka nuna, ko da ya saɓa wa littafi.

A 1951 ya buga maƙalarsa a mujallar ilmin taurari ta Jamus. Ya ce rana tana fitar da ƙwayoyi masu ɗauke da lantarki, su ne ke karo da tururin tauraruwar su kwashe shi. Cewa rana ta kan yi feshin irin waɗannan ƙwayoyi ba sabuwar magana ba ce. Tun 1859 Richard Carrington a Ingila ya ga walƙiya a fuskar rana, bayan kamar awa goma sha bakwai allurar kamfas ta rikice ko'ina a duniya, wayoyin tangaraho suka yi ta tartsatsi. Irin wannan rawar allura an riƙa auna ta a ƙasashe da yawa, har da ƙasarmu, a Kwalejin Jami'a ta Ibadan cikin shekarun 1950. Sai dai abin da aka ɗauka shi ne, feshin jefi-jefi ya ke zuwa, daga waɗansu wurare ƙalilan a fuskar rana, in ya wuce sararin ya koma wayam. Biermann ya ce a duba da kyau. Taurari masu wutsiya ta kowace fuska su ke shigowa, waɗansu ta saman rana, waɗansu ta ƙarƙashinta, a shekarun da tabo ya yi yawa da shekarun da babu, amma ba a rasa shuɗiyar wutsiyar tana nuna waje. Ashe feshin ba ya yankewa, kuma ko'ina ya ke bi. Ya ƙara da wata shaida daga tauraruwar Whipple-Fedtke, wadda aka gani daga ƙarshen 1942 zuwa 1943: hargitsin da aka gani a wutsiyarta ya zo tare da hargitsin allura a nan ƙasa.

Inda ya zarce, da waɗanda suka cike

Ba duk lissafinsa ne ya tsaya ba. Da ya ke ya ɗauka karo ne kawai ke tura tururin, kamar yadda ƙwallo ke bugun ƙwallo, sai ya bukaci iskar ta yi kauri. Ya ƙiyasta ƙwayoyi ɗaruruwa, har zuwa dubu, a cikin gurbin da bai wuce ƙwayar gyaɗa ba. Da aka je aka auna daga baya, sai aka tarar a kusa da duniyarmu ba su fi biyar zuwa goma ba. Masu sukarsa sun riƙe wannan, kuma suna da hujja.

Wanda ya toshe ɓarakar shi ne Hannes Alfvén na ƙasar Suwidin, a 1957. Ya ce iskar tana ɗauke da zaren maganaɗisu daga rana, kuma ƙwayoyi masu lantarki ba su iya tsallake zaren nan cikin sauƙi. Wanda ya tsaya a gada da damina, Kogin Kano ya kawo, ya ga yadda doguwar ciyawar da ruwa ya ɗauko ke sarƙewa a jikin ginshiƙi, tsakiyarta ta maƙale, bakinta biyu su miƙe su bi ruwa. Haka zaren ke naɗewa a kan tauraruwar, bakinsa biyu su haɗu a baya, tururin ya bi tsakaninsu. Shi ya sa wutsiyar ta ke siririya miƙaƙƙiya, shi ya sa kuma iska maras kauri ta ke iya jan ta.

Saura tambaya guda: me zai sa rana, da duk ƙarfin janta, ta bar kayanta suna tsiyayewa? Babban masanin Ingila Sydney Chapman yana ganin rawanin zafin da ke kewaye da rana, wanda a kan gani lokacin husufi, a tsaye ya ke cik, ya miƙe har ya wuce duniya. Sa'ad da Biermann ya kai ziyara Jami'ar Shikago ya bayyana ra'ayinsa, wani saurayi mai suna Eugene Parker ya ji. Parker ya zauna da maganganun dattawan nan biyu, ya tarar da lissafi cewa rawani mai zafin digiri miliyan ba shi yiwuwa ya tsaya wuri ɗaya, dole ya riƙa kwarara waje yana ƙara gudu. Masu tace maƙala biyu suka ƙi aikin nasa, amma editan mujallar, Chandrasekhar mutumin Indiya, ya duba bai ga kuskure ba, ya buga a 1958. Parker ne ya raɗa wa abin suna iskar rana, saboda haka sunansa ya fi na Biermann yawo a bakin mutane, har Amurka ta sa wa wani kumbo sunansa a 2017. Ba mu ga laifin wannan ba, amma ya kamata malami in zai koyar ya faɗi wanda ya fara ganin sawun.

Gardamar ba ta mutu ba sai da aka aika aka taɓo. Kumbunan Rasha masu suna Luna sun ci karo da ƙwayoyin a 1959. Sa'an nan ran 27 ga Agusta, 1962, Amurka ta harba Mariner 2 zuwa ga Zara matar wata, ya yi wata uku da ɗoriya yana awo a hanya, bai sami ranar da iskar ta tsaya ba. Gudunta na yau da kullum kamar mil 250 ne a sakan, watau kafin mutum ya ƙifta ido sau biyu ta je Zariya daga Kano ta komo. Hasken rana minti takwas ya ke yi ya cinye mil miliyan 93 da ke tsakaninmu da ita, iskar kuwa sai ta yi kwana huɗu. Kada mai karatu ya zaci irin iskar da ke kaɗa rassan itatuwa ce a Dajin Falgore. Ba ta isowa ƙasa, domin maganaɗisun duniya ya kare mu, yana karkatar da ita ta kewaye.

Shekara goma sha ɗaya ke nan tsakanin maƙalar da tabbatarwar.

Sauran aikinsa

Bai zauna jiran yabo ba. A 1950 ya riga ya bayyana wata hanya da maganaɗisu ke iya tsirowa a cikin tauraro daga babu, wadda har yau a ke kira da sunansa. Da ya ga lissafi ya fi ƙarfin hannu, ya jawo Heinz Billing cikin sashensa, aka ƙera injin lissafi mai suna G1 a 1952, ɗaya daga cikin kwamfutocin farko a Jamus. A 1958 cibiyar ta tashi zuwa Munik, ya zama darektan sashen taurari, ya riƙe har ya huta a 1975. A 1964 shi da Eleonore Trefftz suka ce lalle akwai wani ƙaton gajimaren haidirojin da ke lulluɓe da kowace tauraruwa mai wutsiya, wanda ido ba ya gani daga ƙasa. A 1970 wani kumbo ya hango shi kewaye da tauraruwar Tago-Sato-Kosaka, faɗinsa ya fi na rana kanta. An ba shi lambar Bruce ta Amurka a 1967, da lambar zinariya ta ƙungiyar masana taurari ta Ingila a 1974.

Abin da ya fi ba mu sha'awa a cikin ayyukansa na baya shi ne shawarar da ya kawo, cewa maimakon a zauna jiran tauraruwa mai wutsiya ta ga dama ta fito, a ƙera ta. Abokin aikinsa Reimar Lüst ya ɗauki aikin. Suka zaɓi wani ƙarfe mai suna bariyam, wanda tururinsa ke ɗaukar lantarki da sauri in rana ta haske shi, kuma ya kan yi haske a gan shi daga ƙasa. Gwajin farko da ya yi kyau a kan nahiyarmu aka yi shi, a 1964, da rokar Faransa da aka harba daga Hammagir cikin Saharar Aljeriya. Amma roka ba ta kai inda iskar rana ta ke ba, sai da aka yi shekara ashirin ana shiri. Ran 27 ga Disamba, 1984, wani kumbon Jamus ya saki bariyam a nisan kamar mil dubu 70 daga ƙasa, a wajen garkuwar maganaɗisun duniya. Cikin 'yan mintoci gajimaren ya yi kai, ya fid da wutsiya, iskar ta kwashe shi. Da an ga wannan a wani ƙauye ba a san labari ba, da an ce sarki zai mutu.

A nan za mu ɗan ratse, domin malaman makaranta su ne a kan tare da tambaya in abin ya fito. Wanda ya so ya ɗora wa tauraruwa laifi ba zai rasa abin kamawa ba. Ta Halley ta fito a Mayu 1910, zamanin Sarkin Kano Abbas. Sarkin Ingila Edward na Bakwai ya mutu ran 6 ga watan, bayan shekara uku kuma aka shiga yunwar nan ta 1913 zuwa 1914 da a ke kira Kakalaba. Amma wace shekara ce ba a yi mutuwa ba? Ita wannan tauraruwa kusan kowace shekara 76 ta ke dawowa, kuma Edmond Halley ya faɗi lokacin komowarta tun 1705, ta kuwa zo bayan ya daɗe a kabari. Ran 19 ga Mayu, 1910, duniya ta ratsa ta gefen wutsiyar, mutane a Turai da Amurka suka toshe tagogi don tsoron guba, gari ya waye ba abin da ya sami kowa, saboda tururin ya fi kowane hazo da muka sani shirara nesa ba kusa ba. Malamanmu na addini kuma sun san abin da ya faru a Madina ran da Ibrahim ɗan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rasu aka yi husufin rana, da yadda aka hana mutane danganta husufin da mutuwar.

Maimakon tsoro, akwai aikin da ɗan aji shida zai iya yi. A tsakiyar Oktoba 2024 tauraruwar Tsuchinshan-ATLAS ta bayyana a yamma bayan magariba, kanta na ƙasa wajen da rana ta faɗi, wutsiyarta ta yi sama. Ta Ikeya-Seki a ƙarshen Oktoba 1965 da asuba ta fito a gabas, ita ma kanta na wajen da rana za ta ɓullo. In wata ta sake zuwa, makarantun da ke nesa da fitilun birni, irin na wajen Riruwai da Tudun Wada da ƙauyukan Kiru, sun fi na cikin Kano sa'a, muddin hazo bai sauko ba. A sa yaro ya nuna da kara inda rana ta faɗi, ya ja layi zuwa kan tauraruwar, ya ci gaba da layin, ya ga ko bai hau kan wutsiyar ba. Ya maimaita kwana bakwai yana zanawa a littafinsa. Abin da mutanen Sin suka yi ke nan a 837.

Ƙarshen kwanansa

Biermann ya rayu har ya ga an shiga cikin wutsiyar da ya yi shekara talatin da huɗu yana lissafinta daga nesa. Ran 11 ga Satumba, 1985, kumbon Amurka mai suna ICE ya ratsa wutsiyar tauraruwar Giacobini-Zinner, kusan mil dubu biyar bayan kanta, ya tarar da zaren maganaɗisu a naɗe gida biyu kamar yadda Alfvén ya faɗa, ya kuma tarar iskar rana tana rage gudu tun daga nesa saboda nauyin tururin da ta ke kwasa, abin da Biermann da abokan aikinsa biyu suka lissafta a 1967.

A lokacin nan ta Halley tana kan hanyar dawowa, ƙasashen Turai sun riga sun harba kumbo mai suna Giotto ya tarye ta. Biermann bai ga isarsa ba. Ya mutu a Munik ran 12 ga Janairu, 1986, yana da shekara 78. Bayan wata biyu, a daren 13 ga Maris wayewar 14, watau daren da da zai cika shekara 79, Giotto ya gitta gaban curin da tazarar mil 370 kacal. Ya aiko da hoton wani abu mai siffar gyaɗa da ɓawonta, tsawonsa kamar mil tara, baƙi ƙirin kamar gawayi, tururi na feshi daga gefen da ke duban rana.

Shaidu ba su daina zuwa ba bayansa. A Mayu 1996 kumbon Ulysses ya faɗa cikin wutsiyar tauraruwar Hyakutake ba da shiri ba, a nisan mil miliyan 350 daga kanta, kusan ninki huɗu na tsakaninmu da rana. A Afril 2007 wani kumbo ya ɗauki hoton guguwa ta taso daga rana ta afka wa tauraruwar Encke, ta tsinke wutsiyar tun daga tushe ta tafi da ita. Ƙungiyar masana taurari ta Jamus kuwa tun 1989 ta ke ba matasan masana kyauta da sunansa. Ta Halley za ta komo a tsakiyar 2061, kuma bisa lissafi za ta fi kyaun gani a kan zuwanta na 1986. Yaran da ke aji ɗaya yanzu za su kasance sun ba arba'in baya a lokacin.